Me ya sa ni'imar da ke hannu ba ta daɗewa tana faranta mana rai?

*Na samu aikin da na daɗe ina nema, amma bayan 'yan watanni murnar ta gushe. Butulci ne?*

Ba lallai ba ne. Sabo ne. Ka tuna daren da ciwon haƙori ya hana ka runtsawa, da irin sanyin da ka ji lokacin da ya lafa. Bayan kwana biyu ka manta ma kana da haƙori. A 1978, masanin halayyar ɗan Adam Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a cacar lotiri da waɗanda ba su ci ba. Farin cikinsu bai bambanta sosai ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, masu cin kuɗin ba su kai sauran jin daɗin ƙananan abubuwa ba, irin su hira da aboki.

*To ana iya koyon godiya?*

Ana iya. A 2003, masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough sun sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kansu duk mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako 10, masu godiya sun fi kyakkyawan fata, kukan ciwon jiki ma ya yi ƙasa a wajensu. Ba sihiri ba ne, canjin daidai gwargwado ne. Amma a ganina sai an faɗi abin ƙarara. "Na gode da lafiya" kan zama karatun aku. "Yau gwiwata ba ta yi tsami ba da na hau bene" kuwa, wannan ka gani da idonka.

*Aikina kullum iri ɗaya ne. Wane daɗi zan samu a ciki?*

Masu bincike Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi nazarin masu shara a asibiti. Wasu suna ɗaukar aikin a matsayin goge-goge kawai. Wasu kuwa suna ganin suna cikin masu kula da majinyata, har su tsaya su gaisa da wanda ba shi da mai ziyara. Tsintsiya ɗaya, albashi ɗaya. Tambayi kanka: aikin da na gama yau, wa ya huta saboda shi?

*Godiya tana nufin in yi shiru idan ana cutar da ni a wurin aiki?*

A'a, kuma wannan yana ci mini rai, domin sau da yawa da "ka gode wa Allah" ake toshe bakin wanda aka danne wa haƙƙi. Idan an riƙe maka albashi, ka nema. Kana iya shigar da ƙorafinka da safe, da yamma kuma ka je wajen abokin aikin da ya riƙe maka aiki ranar da ɗanka ba shi da lafiya, ka ce masa ba ka manta ba.