Dokar hana sare dazuzzuka ta Turai: an cire littafi, an bar takarda

A watan Disamba na 2025, saura kwanaki kaɗan dokar hana sare dazuzzuka ta Tarayyar Turai ta fara aiki, sai aka yi mata kwaskwarima. Aka ɗage ranar fara aikin da shekara guda, aka kuma cire littattafai da jaridu da mujallu da sauran kayan ɗab'i daga jerin hajojin da ta shafa. Kamfanonin wallafa littattafai sun yi ajiyar zuciya. Amma takardar da ake buga littafin a kanta tana nan cikin dokar daram, kuma wannan ya sa maganar ba ta mutu ba.

Dokar ita ce mai lamba 2023/1115, wadda aka fi sani da EUDR. Ta zama doka a ranar 29 ga Yuni, 2023. Hujjar da aka kafa ta a kai ba ɓoyayya ba ce: Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya ta rasa daji hekta miliyan 420 tsakanin 1990 da 2020, galibi saboda faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo, kuma abin da Turawa ke saye yana da kaso mai tsoka a wannan ɓarnar. Shi ya sa dokar ta kama kaya bakwai: shanu, koko, gahawa, kwakwar manja, roba, waken soya da katako, haɗe da abubuwa da yawa da ake sarrafawa daga gare su, kamar cakulan da kujeru da gawayi da takarda.

Duk wanda zai shigar da irin waɗannan kaya kasuwar Tarayyar Turai, ko zai fitar da su daga cikinta, sai ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, kada kayan su fito daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba, 2020. Na biyu, a samar da su bisa dokokin ƙasar da suka fito, har da dokokin mallakar fili da haƙƙin ma'aikata da haƙƙin mutanen da ke zaune a dajin tun kaka da kakanni. Na uku, ɗan kasuwa ya shigar da takardar shaida a rumbun bayanai na intanet da Tarayyar ta tanada, yana mai tabbatar da cewa ya yi bincike kuma bai ga wani hatsari na a zo a gani ba.

A kan katako akwai ƙarin sharaɗi. Ba mayar da daji gona kaɗai aka hana ba, har da lalata shi. Idan aka sare dajin asali aka dasa itatuwan kasuwa layi-layi a wurinsa, a idon dokar an yi ɓarna, ko da daga sama wurin kore shar yake.

Ƙashin bayan dokar shi ne taswira. Bai wadatar a ce katakon daga Brazil ko Finland ya fito ba. Sai an kawo lambobin da ke nuna ainihin filin da aka sare itacen, irin waɗanda tauraron ɗan'adam ke bayarwa. Idan filin ya wuce hekta huɗu, ɗigo ɗaya bai isa ba, sai an zana iyakokinsa kewaye. Da waɗannan lambobi jami'i a Turai zai buɗe hoton tauraron ɗan'adam ya ga yadda wurin yake a ƙarshen 2020 da yadda yake yau. Ana kuma buƙatar sunan itacen, har da sunansa na kimiyya, da lokacin da aka sare shi, kuma a adana bayanan shekara biyar. Wanda ya karya doka ana iya ƙwace kayansa da kuɗin da ya samu, a hana shi kwangilar gwamnati na wani lokaci, kuma an ce wa ƙasashen Tarayyar kada ƙololuwar tarar da za su sanya ta gaza kashi huɗu cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a faɗin Tarayyar.

To, ina littafi ya shigo? A ɗauki littafin yara mai hotuna da bango mai kauri, irin wanda ake bugawa a lardin Guangdong na China a kai shi Jamus ko Faransa. Shafukan ciki takarda ce mai sheƙi. Bangon kwali ne da aka lulluɓe da wata takardar daban. Akwai takardar da ke haɗa bango da shafuka, wani lokaci da rigar da ake naɗe bangon da ita. Kowace daga masana'antarta ta fito. Ita kuma masana'antar takarda ba da itace ɗaya take aiki ba. Tana haɗa markaɗen itacen turare daga Brazil ko Uruguay, mai gajeren zare da ke sa takarda santsi, da markaɗen itatuwan ƙasashen sanyi kamar Finland da Sweden da Kanada, mai dogon zare da ke ba ta ƙwari. Kafin nan ma, masana'antar markaɗe ta karɓi gungume da ɓarɓashin katako daga filaye masu ɗimbin yawa ta zuba su tukunya ɗaya. Neman asalin kowane zare a littafi ɗaya kamar a miƙa wa mutum kwalbar man gyaɗa ne a ce ya faɗi gonakin da kowace ƙwayar gyaɗa ta fito. Ana iya yi, amma sai dai a lissafo duk gonakin da gyaɗarsu ta shiga injin a lokacin, kuma haka masana'antun takarda suka shirya yi: su miƙa jerin duk filayen da mai yiwuwa itacensu ya shiga. Idan fili ɗaya a jerin ya zama gurɓatacce, kayan gaba ɗaya sun gurɓata.

Mawallafi shi ne na ƙarshe a wannan dogon layi. Ba shi da daji, ba shi da injin takarda, sau da yawa ba shi ne ma ya sayi takardar ba, maɗaba'a ce ta saya. Amma a dokar yadda aka fara rubuta ta, wanda ya fara shigar da littafin kasuwar Turai shi ne alhaki ya rataya a wuyansa. Manyan kamfanoni sun ɗauki ma'aikata, sun sayi manhajoji, sun rarraba wa maɗaba'u takardun tambayoyi. Ƙaramin mawallafi mai ma'aikata biyar ba shi da wannan ƙarfin. Dillalan da ke shigo da littattafan Ingilishi daga Birtaniya da Amurka, masu dubban sunayen littattafai amma kwafi kaɗan-kaɗan na kowanne, sun ga aikin cike takardu zai cinye ribar. Ga kuma maɗaba'un wasu ƙasashe da masu sayar musu da takarda ba sa son bayar da lambobin filaye, wasu saboda sirrin kasuwa, wasu saboda dokokin ƙasashensu kan fitar da bayanan taswira. Aka fara fargabar cewa wasu littattafai, musamman na ilimi mai zurfi da ba a saye da yawa, za su daina shiga Turai ɗungurungum.

Wannan kuka gaskiya ne, kuma an saurare shi. An tsara dokar ta fara aiki ranar 30 ga Disamba, 2024, aka ɗage zuwa ƙarshen 2025. Gyaran Disamba na 2025 ya sake ɗage ta zuwa 30 ga Disamba, 2026 ga manya da matsakaitan kamfanoni, da 30 ga Yuni, 2027 ga mafi yawan ƙanana. Ya kuma rage nauyin 'yan tsakiya: wanda ya fara sanya kaya a kasuwa shi ne zai shigar da takardar shaida, ba kowane hannu da kayan suka bi ba. Sannan ya goge babi na 49 na jadawalin kwastan, wato babin kayan ɗab'i, daga jerin kayan da dokar ta shafa.

A nan ne nake ganin an yi gyara ya zarce. Takarda da markaɗen itace suna babi na 48 da na 47, kuma ba a taɓa su ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, maɗaba'ar da ke Italiya ko Poland dole ta yi aiki da takardar da ta cika duk sharuɗɗan dokar, da duk tsadar da hakan ke jawowa. Ita kuwa wadda ke wajen Tarayyar tana iya sayen takarda daga ko'ina, ta zuba mata tawada, ta ɗinke, ta turo littafin ba wanda zai tambaye ta filin da itacen ya fito. Farar takarda ana tsare ta a bakin iyaka, takardar da aka yi wa rubutu tana wucewa. Haka ma littafin rubutu na ɗan makaranta, da yake babu rubutu a ciki yana babi na 48, dokar ta kama shi. Littafin karatun da ke jaka ɗaya da shi ya fita.

Wannan ɓaraka ba sabuwa ba ce. Tsohuwar dokar katako ta Tarayyar, wadda ta fara aiki a Maris na 2013 don hana shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, ita ma ta bar kayan ɗab'i a waje, kuma masu maɗaba'u na Turai sun shafe shekaru suna neman a toshe ƙofar. Sanya littattafai a sabuwar doka amsa ce ga wannan koken. Kuma damuwar tana da tushe. A 2010 ƙungiyar kare daji ta Rainforest Action Network da ke Amurka ta kai littattafan yara ɗakin gwaji, aka tarar fiye da rabinsu na ɗauke da zaren da ke da alaƙa da ɓarnar dazuzzukan Indonesiya. Tun daga lokacin manyan mawallafa da dama sun gyara yadda suke sayen takarda, wannan ba a musu. Amma sun gyara ne don an tona, ba don doka ta tilasta ba, kuma wanda bai ga dama ba har yanzu ba abin da zai same shi. Da an so, ana iya barin littafi cikin dokar a sauƙaƙa hanya: a karɓi shaidar masana'antar takarda a madadin ta mawallafi, a yafe wa ƙananan kaya da tsofaffin bugu. Hakan zai share hawayen ƙaramin mawallafi ba tare da an buɗe ƙofar gaba ɗaya ba.

Ko da an cire littafi, mawallafi bai rabu da batun ba. Wanda ke bugu a cikin Turai takardarsa ta bi ta dokar, kuma farashinta zai nuna hakan. Wanda ke haɗa littafi da wasu kaya, kamar littafin rubutu ko akwatin kwali da ake sayarwa a karan kansa, sai ya duba babin da kowanne ya faɗa. Kwalin da aka sa kaya a ciki don kariya kawai ba ya cikin lissafi. Takardar da aka yi ta kacokan daga tsohuwar takarda da aka sake sarrafawa ita ma ta fita, amma da zarar an haɗa ta da sabon markaɗe, wannan kason sai an kawo asalinsa. Tambarin FSC ko PEFC da ake gani a bayan littattafai, wato shaidar da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke bayarwa cewa itacen ya fito daga dajin da ake kula da shi yadda ya kamata, yana taimakawa wajen auna hatsari, sai dai dokar ba ta ɗauke shi a matsayin madadin bincike ba. A Amurka kuma akwai dokar Lacey, wadda aka faɗaɗa a 2008 ta haɗa da tsirrai da kayan da aka yi da su, ta haramta cinikin abin da aka samo daga itacen da aka sare ba bisa ƙa'ida ba.

Yawan binciken da za a yi ya danganta da ƙasar da itacen ya fito. An kasa ƙasashe gida uku. Inda hatsari ya yi ƙasa, hukumomi za su binciki aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan kasuwa. Matsakaici, kashi uku. Inda ya yi yawa, kashi tara. A jerin da aka fitar a Mayu na 2025, ƙasashe huɗu kaɗai aka sa a rukunin hatsari mai yawa: Rasha, Belarus, Myanmar da Koriya ta Arewa. Brazil da Indonesiya, manyan masu samar da markaɗen itace, suna matsakaicin rukuni, abin da bai yi wa ƙungiyoyin kare muhalli daɗi ba.

Mai maɗaba'a a Kano ko Zariya da ke buga littattafai don kasuwar gida, dokar ba ta hau kansa ba, kuma yanzu ko Turai zai tura littafinsa ba a neman taswira a wurinsa. Abin da zai iya taɓa shi shi ne farashi da ingancin takarda, tunda masana'antun Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe da gaza wadatar da ƙasa, kuma kusan duk takardar ɗab'i shigo da ita ake yi. Idan Turai ta tsince takarda mai tsabtataccen asali, sauran sai ta nemi kasuwannin da ba a tambaya. Waɗanda dokar ta shafa kai tsaye a Najeriya da Ghana da Kamaru su ne masu fitar da koko da roba da katako da gawayi zuwa Turai, domin su ba a cire su ba, kuma gonar kowane manomin da kokonsa zai je Turai sai ta shiga taswira kafin wa'adin ya cika.