Jerin waƙoƙi a na'urar MP3

Jerin waƙoƙi tsari ne da mai na'ura ke yi don ya zaɓi abin da zai saurara da yadda za su biyo juna, ko waƙa ce, ko karatu, ko wa'azi. A yawancin na'urorin jin sauti na hannu, jerin ba ya ɗauke da waƙoƙin kansu. Ɗan ƙaramin fayil ne da ke nuna wa na'ura inda kowace waƙa take a ma'ajiyarta. Shi ya sa waƙa ɗaya kan shiga jeri goma ba tare da ta ƙara cin wuri ba, kuma goge jeri ba ya goge waƙa. Amma da an sauya wa fayil suna ko an matsar da shi wata folda, sai jerin ya neme shi ya rasa.

Asali

Na'urorin farko ba su da buƙatar jeri sosai. MPMan na kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu da Rio PMP300 na kamfanin Diamond, waɗanda suka fito a 1998, ma'ajiyarsu megabait 32 ce, wato sautin kusan rabin awa. Wanda ke da waƙa takwas ba ya ɓata a cikinsu. Buƙatar ta taso ne da ma'ajiya ta faɗaɗa. A ranar 23 ga Oktoba, 2001, kamfanin Apple ya gabatar da iPod mai gigabait 5, wanda ke ɗaukar waƙa kusan dubu, kuma a kwamfuta ake haɗa masa jeri ta manhajar iTunes. A 2002 iTunes ta samu jeri mai cika kansa: a gindaya masa sharaɗi, misali waƙoƙin da aka fi saurare ko waɗanda ba a taɓa kunnawa ba, shi kuma ya riƙa sabunta kansa. A 2003 aka ƙara hanyar haɗa jeri a kan iPod ɗin kai tsaye, inda ake danne maɓallin tsakiya a kan waƙa har sunanta ya yi ƙyaftawa. Apple ya daina ƙera iPod a 2022.

Fayil ɗin M3U

Tsarin fayil ɗin jeri da ya fi yaɗuwa shi ne M3U, wanda ya faro daga cibiyar Fraunhofer ta Jamus, manhajar Winamp kuma ta bazu da shi tun ƙarshen shekarun 1990. Rubutu ne tsagwaronsa, ana iya buɗe shi da manhajar rubutu ta Notepad, kowane layi adireshin fayil ɗaya. Akwai wanda aka faɗaɗa, mai farawa da #EXTM3U, da ke ƙara tsawon waƙa da sunanta. Akwai kuma tsarin PLS, da kuma WPL na manhajar Windows Media Player, sai dai ba kowace na'ura ke karanta su ba.

Mafi yawan jerin da ke ƙin aiki, daga adireshi matsalar take. Kwamfuta kan rubuta cikakken adireshi tun daga C:, wato sunan ma'ajiyarta, na'urar hannu kuwa ba ta san wani C: ba. Maganin shi ne a ajiye fayil ɗin jerin a cikin na'urar, a rubuta adireshin daga inda jerin yake zaune. Wasu na'urorin ma suna bambanta alamar \ da alamar /, ɗaya ta yi aiki ɗaya ta ƙi. Masu rubuta sunan fayil da Hausa suna da ƙarin abin lura, domin tsohon M3U ba ya tabbatar da haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ. Tsarin M3U8, wanda ke amfani da tsarin adana haruffa na UTF-8, yana riƙe su daidai, in har na'urar ta san shi.

Hanyar ɗorawa

Na'urori sun kasu ta yadda suke magana da kwamfuta. Wasu kan fito tamkar filashi, a kwafa fayil a zuba. Wasu kan bi tsarin MTP na Microsoft, inda manhaja ce ke tura waƙoƙi da jerinsu tare. iPod ya fi kowa tsauri: yana sauya wa waƙoƙi suna zuwa gajerun haruffa, ya ɓoye su a foldoji, ya riƙe bayanansu a rumbu guda, don haka zuba masa M3U ba ya amfana komai. Masu son kauce wa irin wannan ƙaidi sukan ɗora Rockbox, manhajar kyauta da ke maye gurbin ta kamfani a wasu na'urorin iPod da kuma Sansa na kamfanin SanDisk.

Na'urorin da ba su san jeri ba

Ƙananan na'urori masu araha, da rediyoyi da sifikun da ake sa wa memori, waɗanda suka cika kasuwannin ƙasar Hausa, galibi ba sa karanta fayil ɗin jeri kwata-kwata. A nan folda ce ke zama jeri. Masu turi a kasuwa sukan ware folda ga kowane mawaƙi ko malami, mai saye ya riƙa tsallakawa da maɓalli.

Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ba sa bin suna ma. Suna bin yadda aka rubuta fayilolin a teburin memorin, wato wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Ga mai jin waƙa wannan ba wani abu ba ne, amma ga mai sauraren Alƙur'ani ko tafsirin azumi babbar matsala ce, don zama na 12 na iya zuwa kafin na 3. Dabarar da aka saba ita ce a kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, a buɗe sabuwar folda, a mayar da su bi da bi. Inda na'ura ke bin suna kuwa, sai an cike lambobi da sifiri, domin a tsarin haruffa 10 tana gaban 2. Dalilin ke nan da ake ganin surori da lamba uku-uku, daga 001 zuwa 114.

Na'urori masu allo sukan tsara waƙoƙi da bayanan da ke cikin fayil, wato ID3. Sigar farko ta 1996 harafi 30 kacal ta ba suna, shi ya sa dogayen sunaye ke yankewa. Fayilolin da suka yi ta yawo daga waya zuwa waya sau da yawa bayanansu babu, ko kuma sunan shafin da aka sauke su ne a gurbin mawaƙi, sai an gyara kafin jeri mai cika kansa ya yi amfani.

Gauraya

Kusan kowace na'ura tana da maɓallin gauraya, mai kunna jeri ba bisa tsarinsa ba. iPod shuffle na 2005 ko allo ba shi da shi, a kan gauraya aka gina shi. Masu saurare sun yi ta ƙorafin cewa waƙoƙin mawaƙi ɗaya na biyo juna, alhali haka gauraya ta gaskiya take yi wani lokaci. A 2005 ɗin Apple ya ƙara wa iTunes zaɓin da ke nisanta waƙoƙin mawaƙi ɗaya da juna.