Sikizofireniya ba baki biyu ba ce

Kwanan nan kalmar sikizofireniya, sunan wata cutar taɓin hankali, ta shiga bakin masu sharhi. Ɗan siyasa ya yi magana da safe ya lashe amansa da yamma, sai ka ji an ce wai sikizofireniya ke damunsa. Abin yana ci min rai. Mai baki biyu ya san abin da yake yi, mai wannan larura kuwa bai zaɓa ba.

Ruɗanin daga sunan ya taso. Wani likitan taɓin hankali ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya ƙirƙiro shi a 1908 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tsagewa da hankali. Abin da yake nufi shi ne igiyar da ke ɗaure tunani da motsin zuciya da aiki ta saki, ba mutum biyu a jiki ɗaya ba. Japan ma da ta ga ɓarnar sunan, sauya nata ta yi a 2002.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kusan mutum ɗaya cikin 300 ke fama da ita, kuma takan fara ne a samartaka. Alamunta irin su jin muryoyin da babu su da yawan zargi, kowa ya san su. Abin da ba a faɗa shi ne wanda ke biyo baya.

Ɗauki saurayin da ya sha magani, muryoyin suka lafa. Gida an yi murna, an ce ya warke. Amma ga shi zaune tun safe, wanka ya gagara. An aike shi abu uku, ya dawo da ɗaya. Ana hira, kafin ya haɗa amsa an wuce wurin, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Fuskarsa ba ta nuna murna ko baƙin ciki, alhali zuciyar tana ji. Sai a fara cewa son jiki ne, ko girman kai. Wallahi ba shi ba ne. Cutar ce ke rage kuzarin fara abu da riƙe shi a ka, kuma magani bai cika kaiwa nan ba. Wani maganin ma barci da nauyin jiki yake ƙarawa.

A nan ne karatu ke tsayawa, aiki ke kuɓucewa, abokai su janye. Ni a ganina wannan ya fi muryoyin ciwo. Abin da ke taimaka masa shi ne a wayar wa iyali kai, a raba masa aiki kaɗan-kaɗan, a samar masa sana'a da wanda zai riƙa leƙa shi, ko da awa biyu zai fara yi a rana.