Hutun renon jariri a Suwidin: tambayoyi da amsoshi

Kwana nawa ne?

480 a kan kowane yaro, uwa da uba su raba.

Cikakken albashi ake biya?

A'a. Kwana 390 ana biyan kusan kashi 80 cikin ɗari na albashi, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Sauran kwana 90 kuwa, krona (kuɗin Suwidin) 180 ne a rana. Hukumar inshorar jama'a ta ƙasar, Försäkringskassan, ce ke biya, ba wurin aikinki ba.

Maigida zai iya bar mini duk kwanakinsa?

Ba zai iya ba. Kwana 90 nasa ne shi kaɗai, in bai ɗauka ba sun tafi. Tun 1974 aka ba uba damar hutun, maza suka yi kunnen uwar shegu, sai aka keɓe musu wata guda a 1995, biyu a 2002, uku a 2016. Ku daina neman dabara, maza. Wankan jariri da canza masa nafkin ba aikin mace kaɗai ba ne.

Ina so in ja kwanakin su daɗe. Zan yi asara?

Nan ne mata ke faɗawa rami. Kuɗin yana bin albashin da hukumar ta rubuta miki, ma'aunin da suke kira SGI. Kafin yaro ya cika shekara, ma'aunin a tsare yake ko kina ɗaukar kwana biyu kawai a mako. Da ya cika shekara kuwa, in kina gida gaba ɗaya, sai kin ɗauki kwana biyar a mako, in ba haka ba ma'aunin na iya faɗuwa, ya shafi kuɗin jinya da na haihuwa ta gaba. In kin koma aiki rabin lokaci, lissafin ya ɗan bambanta, ya danganta da awannin da kike yi, don haka ki kira hukumar kafin ranar cikarsa shekara. Ki kuma tuna, bayan ya kai shekara 4, kwana 96 kawai za ku iya ajiyewa.

Ban taɓa aiki a can ba fa?

Kwantar da hankalinki, in kina zaune a ƙasar bisa ƙa'ida za a biya ki, amma a matakin ƙasa, krona 250 a rana. An gina tsarin ne a kan mace mai albashinta, tun 1971 ma mata da miji kowa harajinsa daban.

Kaka za ta iya karɓa?

Eh, tun Yulin 2024. Kowane ɗayanku zai iya miƙa mata kwana 45.