Da'irar Adalci

Da'irar adalci tsohuwar hikima ce ta tafiyar da mulki wadda ta yi tashe a ƙasar Farisa, daga baya ta cika littattafan nasiha da malaman Musulunci suka riƙa rubuta wa sarakuna. A taƙaice tana cewa: babu mulki sai da mayaƙa, babu mayaƙa sai da dukiya, babu dukiya sai ƙasa ta rayu, ƙasa kuwa ba ta rayuwa sai da adalci. An kira ta da'ira saboda ƙarshenta yana komawa ya haɗu da farkonta. Sarkin da gadonsa ba ya ɗorewa sai da adalci, shi ne kuma alhakin tsayar da adalcin ya rataya a wuyansa.

Asalinta

Marubutan Larabci sun jingina zancen ga sarakunan Farisa na daular Sasaniyawa, musamman Ardashir, wanda ya kafa daular a shekarar 224, da Kisra Anushirwan, wanda ya yi sarauta daga 531 zuwa 579. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, yana cikin waɗanda suka kawo gajeriyar sigar mai gaɓa huɗu. Akwai kuma doguwa mai gaɓa takwas a cikin Sirrul Asrar, littafin da aka daɗe ana ɗauka nasihar masanin falsafar Girka Aristotal ce ga ɗalibinsa Sarki Iskandari, ko da yake masana sun tabbatar ba shi ya rubuta ba. Wannan sigar ta soma da cewa duniya lambu ce kuma daula ce shingensa, ta bi ta kan doka da sarki da runduna da dukiya da talakawa, ta tuƙe a kan adalci, wanda da shi duniyar take tsayawa. A daular Usmaniyya, malami Kinalizade Ali, wanda ya rasu a 1572, ya sanya ta a littafinsa na ladabi da siyasa, har ta zama karatun da duk wani babban ma'aikacin daular ya sani.

Ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. Tana da alaƙa da zaman sauraron ƙorafi da ake kira mazalim, inda talaka kan kai ƙarar gwamna ko mai karɓar haraji gaban sarki ko wakilinsa kai tsaye.

Bayanin Ibn Khaldun

Wanda ya fi kowa ba wa wannan hikima haƙƙinta shi ne masanin tarihi Ibn Khaldun, a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377 a Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau. Magabatansa sun kawo ta a matsayin maganar manya wadda ake karɓa saboda darajar wanda ya faɗe ta. Shi kuwa sai ya nemi dalili. Har ya soki Al-Ɗurɗushi, mai littafin Sirajul Muluk, da cewa ya tara zantuka masu kyau amma bai warware yadda al'amarin yake gudana ba.

Ga yadda ya warware shi. Mutum yana noma, yana saƙa, yana fatauci ne saboda yana sa ran cin gumin kansa. In ya ga duk abin da ya tara ƙwacewa za a yi, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Wasu su rage aiki, wasu su tattara nasu ya nasu su bar garin. Kasuwa ta mutu, haraji ya ragu, sarki ya ƙara wa waɗanda suka rage nauyi don ya cike giɓi, su ma su gudu. Daga nan ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne a kan kowane mutum amma abin da ke shiga baitulmali mai yawa ne, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi amma abin da ake tarawa ya ƙanƙance.

Ya kuma faɗaɗa ma'anar zalunci. A wurinsa ba ƙwacen dukiya a fili kaɗai ba ne. Ɗora harajin da shari'a ba ta sani ba zalunci ne, haka hana mutane haƙƙinsu. Mafi muni a ganinsa su ne aikin tilas, domin ƙarfin mutum shi ne jarinsa, da kuma hukuma ta saye hajar 'yan kasuwa da arha ta tilasta musu sayen tata da tsada. Ya kawo labarin wani malamin Majusawa da ya fassara wa Sarki Bahram kukan mujiya: macen ta nemi sadakin ƙauyuka ashirin da suka zama kufai, namijin ya ce muddin wannan sarki yana kan gado, ko dubu take so za ta samu.

A ƙasar Hausa

Wannan tunani ya iso ta hanyar littattafan da malamai suka karanta. Shehu Maghili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta nasiha kan wajibban sarakuna, yana ta maimaita cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Bayan Wujubil Hijra na 1806, ya kawo sanannen zancen nan da ke cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. A Kitabul Farƙi kuma ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan Hausa da su. Sai dai a wurin malaman Sakkwato ma'aunin adalci shari'a ce, kuma sarki zai amsa tambaya gaban Allah ko da zaluncin bai taɓa baitulmalinsa ba.

Ƙarfinta da rauninta

Babban abin yabo a da'irar shi ne ta sa manomi a gindin mulki. A zamanin da talaka ba shi da ƙuri'a ko majalisa, ta ba malamai harshen da za su gaya wa mai takobi cewa abincin mayaƙansa daga gonar wanda yake zalunta yake fitowa. Wannan ba ƙaramin makami ba ne.

Amma tana da giɓi. Adalcin da take nufi ba daidaito ba ne. Masana irin su Nasiruddin Ɗusi sun kasa jama'a gida huɗu, ma'abota alƙalami da ma'abota takobi da 'yan kasuwa da manoma, suka ce aikin sarki shi ne ya tsare kowane rukuni a muhallinsa. Bawa da mace ba su da murya a wannan tsari. Ba ta kuma tanadi hanyar sauke azzalumi ba, sai dai a jira ƙasa ta lalace. Masanin falsafa na Amurka John Rawls ya ɗauko tambayar daga ɗaya ɓangaren a 1971: wane tsari mutane za su zaɓa da ba su san ko masu hali za su zama ko matalauta ba? A wurinsa adalci haƙƙin kowane mutum ne, ko ya amfani hukuma ko bai amfane ta ba.

Akwai kuma matsalar da magabata ba su hango ba. Duk hujjar ta ginu ne a kan cewa dukiyar hukuma daga hannun talakawa take fitowa. A 1970 masanin tattalin arziki Hossein Mahdavy ya yi nazarin Iran, ya nuna yadda gwamnatin da ke samun kuɗinta daga sayar da man fetur a waje take rage dogaro da harajin 'yan ƙasa. Irin wannan gwamnati tana iya biyan sojojinta ko da gonaki sun bushe. Najeriya, inda aka gano mai a Oloibiri a 1956, ta shiga wannan sahu tun daga shekarun 1970, lokacin da fetur ya ture gyaɗa da koko daga matsayin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar.