Tambayoyin da kuke ta maimaita min kan lambar yabo a digirin ikonomiks

Na amsa waɗannan har bakina ya gaji, to ga su a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Lambar yabon nan ita ce fes kilas?

A'a. Fes kilas tsarin Ingila ne, maki 70 zuwa sama. A Amurka kuma akwai cum laude, magna cum laude da summa cum laude, jami'a ke ba da su bisa GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka. Wadda nake nufi ta sashen ikonomiks ce, kuma galibi sai ka rubuta kundin bincike.

GPA nawa ake nema?

Sau da yawa wajen 3.5 cikin 4.0 a kwasa-kwasan ikonomiks, amma kowane sashe da dokarsa. Je ka karanta ƙa'idojin sashenku mana, ba a ɓoye suke ba.

Ba na son lissafi, zan iya?

To me ya kawo ka nan? Kalkulas, statistiks, ikonometiriks, babu hanyar zagaye.

Wane maudu'i zan ɗauka?

Don Allah ku daina kawo min "tasirin talauci ga tattalin arzikin duniya", wannan ba tambaya ba ce, kuka ne. Ku dubi abin da masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka yi: a 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba, sai suka kwatanta gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu kafin ƙarin da bayansa, ba su ga ayyuka sun ragu ba. Ƙaramar tambaya ce, amma tana cikin aikin da ya sa Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Kuma kafin ka ƙwallafa rai a kan maudu'i duba ko akwai alƙalumansa a Bankin Duniya ko IMF ko FRED (rumbun alƙaluman tattalin arziki na Amurka a intanet), in babu ka sake shi tun da wuri.

GPA ɗina yana bakin layi, in ɗauki kwas ɗin lissafi mai wuya ko in nemi mai sauƙi in tsare makina?

Wannan ita ce tambaya mai ma'ana, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce amsarta ɗaya ce ba. Da farko ka gano wane GPA sashenku ke ƙirgawa, in na kwasa-kwasan ikonomiks kaɗai ne to mai yiwuwa kwas ɗin sashen lissafi ba ya ma shiga ciki, ka ga tsoron naka na banza ne, amma wasu sassan suna haɗa duk kwas ɗin da aka wajabta, don haka ka tambaya a rubuce, kar ka dogara da abin da ɗan aji huɗu ya faɗa maka a hanya. Na biyu, ina za ka bayan digiri? In digirin dakta kake hari a ikonomiks, masu tantancewa sun fi duba ko ka yi manyan kwasa-kwasan lissafi irin su liniya aljabara da ril analisis, kuma a ganina B a can ta fi A a kwas ɗin da kowa ya san na hutawa ne. In aiki za ka nema kai tsaye, to ƙila lambar yabon ta fi yi maka amfani a takarda, ƙila kuma iya Stata ko R ɗinka (manhajojin nazarin alƙaluma) ne zai yi magana, ya danganta da wurin. Ni dai abin da na fi ba da shawara, kar ka haɗa kwas mai wuyar da rubutun kundi a semista ɗaya, ɗauke shi a aji uku. In kuma ka riga ka shiga aji huɗu kana wannan lissafin, to gaskiya ka ɗan makara, zauna da sufabaizanka ku auna tare.

Bincikena bai nuna wata alaƙa ba, na faɗi kenan?

Kwantar da hankalinka, rashin alaƙa ma sakamako ne in hanyarka ta yi daidai. Abin da ke kada mutum shi ne ya yi ta murɗa alƙaluma har sai tauraro, alamar an samu alaƙa, ya fito a teburin sakamako. Amma fa ka duba fayil ɗinka da idonka. Akwai ɗalibar da ta zo min a firgice wai matsakaicin kuɗin shigar mutanenta ya fito ƙasa da sifili, da muka buɗe sai ga -99 jere a layi, alamar "ba a amsa ba" ce, ita kuwa kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin kuɗi. Minti goma muka gyara, sati biyu ta yi tana kuka a kai.

Zan iya fara neman sufabaiza a semistar ƙarshe?

Za ka iya, sai dai duk sun cika da ɗalibai tun bara.