Shiga kwazazzabo da ƙafa babu igiya: kar ka sauka inda bazaka iya hawowa ba

Jama'a masu sha'awar yawon duwatsu, yau kan kwazazzabo zan yi magana, musamman irin wanda ake cewa ai wannan na ƙafa ne, ba sai da igiya ba, ba sai da bel ɗin ƙugu da ƙarafunan zurarowa ba. Gaskiya ne akwai irinsu da yawa kuma suna da kyan gaske. Samariya da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka kusan kilomita 16 ne, a wuni ɗaya ake ratsa shi, akwai inda bangayen dutsen suka matso juna har faɗin wurin bai wuce mita 4 ba alhali tsayinsu ya kai mita 300. Narrows da ke gandun Zion a jihar Utah ta Amurka kuwa cikin kogi ake tafiya tsamo-tsamo. Fish River na Namibiya kimanin kilomita 85 ne, tafiyar kwana 4 zuwa 5. Duk waɗannan babu inda ake rataya a igiya. To amma wanda ya shiga da igiya yana da yadda zai sauka in ya tarar da gangare, wanda ya shiga babu ita hanya biyu kawai gare shi, gaba in a buɗe take, ko baya inda ya fito, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake zuwa cetowa da kansu suka toshe wa kansu hanyar bayan ba su sani ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Kuna cikin tafiya sai ku iso wani ɗan gangare da bai fi mita 2 ba, dutsen sumul ruwa ya goge shi tas, a ƙasa ga yashi mai laushi. Na gaba ya zauna ya ja gindi ya dira, ya ɗago kai ya ce ku taho ba komai, kowa ya bi. Babu wanda ya juya ya dubi dutsen ya tambayi kansa in ta kama a koma, ina zan sa ƙafa, ina zan kama da hannu? Aka ƙara gaba kamar minti ashirin sai ga wani gangaren, wannan karon mita 10 ne a miƙe, ƙasansa duwatsu. A koma baya, dutsen nan na mita 2 ya ƙi hawuwa, takalma sun jiƙe, babu wurin kamawa, hagu da dama bango ne. Waya kuma babu sabis dan a ƙasan kwazazzabo ba kasafai ake samu ba. Shikenan an maƙale a tsakiya, babu wanda ya ji ciwo amma babu mai iya fita, kuma daga nan ne wani zai ce bari in gwada sauka ta gefe, a nan ake karyewa.

Dan haka ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe, duk inda zaka sauka to mutum ɗaya ya fara sauka ya kuma hawo da kansa a gaban idonku kafin sauran su bi, kuma a auna da mafi rauni a cikinku ba da mafi ƙarfi ba. In bai hawu ba an zo ƙarshen tafiyar yau. Kar kuma wani ya ce ai ga 'yar igiyar shanya a jaka, ko a ƙulla majanyi da riguna a zurara mutum, wallahi wannan ya fi rashin igiyar haɗari. In kuka ga an kafa ƙarfe a jikin dutse ko an ɗaura ɗamara a wani gungume a bakin gangare, alama ce cewa masu igiya ne ke bi ta nan, ku ba wurinku bane.

Kafin a tafi ma ana iya sanin wannan. A Amurka masu harkar sun kasa kwazazzabai aji 1 zuwa 4, aji 1 tafiya ce kawai, aji 2 akwai 'yar hawa da sauka da hannu, daga aji 3 dole sai igiya. Sannan akwai harafin ruwa, A busasshe ne ko kusan haka, B akwai ruwa kwance da za a ratsa ko a yi iyo, C ruwa ne mai gudu da ƙarfi. Wasu ƙasashen da nasu tsarin, a nemi na wurin a karanta. Sai dai fa bayanin bara ba lallai ya yi daidai da bana ba, ambaliya ɗaya tana kwashe yashi ta mayar da gangaren mita 1 ya koma mita 3, shi yasa tambayar ma'aikatan gandun ko ɗan jagora na wurin ta fi hoton da kuka gani a intanet.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi kisa da yawa a lokaci guda. Kwazazzabo kamar mazurari yake, duk ruwan da ya sauka a faɗin ƙasar da ke samansa nan zai tattaro ya matse ta wannan ɗan tsukin, ƙasar kuma galibi dutse ce bata shan ruwa. Saboda haka ba sai an yi ruwa a kanka ba. Ranar 12 ga Agusta 1997 a kwazazzabon Lower Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka mutum 11 suka mutu, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido daga Faransa, a inda suke ruwan da aka yi bai taka kara ya karya ba, hadarin can nesa ya zuba. A Agustan 2018 mutum 10 suka mutu a kwazazzabon Raganello na kudancin Italiya, a Oktoban shekarar kuma mutum 21 a wani kwari kusa da Tekun Gishiri a Jodan, mafi yawansu yara 'yan makaranta da aka kai yawo. A Hell's Gate na Kenya an rasa mutum 7 a 2012, aka sake rasa 7 a 2019. Yawancin waɗannan da ƙafa suka shiga, wuraren da ake ɗauka masu sauƙi ne.

Mutane suna raina ruwa saboda suna auna shi da zurfi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, lita dubu ɗaya kuma nauyin tan ɗaya ce, kuma abin da ke zuwa ba ruwa zalla bane, laka ce da duwatsu da gungumen itace. Iya iyo baya amfani a nan. In kana tafiya ka ɗaga kai kaga gungume ya maƙale tsakanin bangaye can sama da kanka da mita biyar ko shida, ba mutum ne ya kai shi ba, ruwa ne, kuma zai sake kaiwa can. A Narrows in gudun kogin ya wuce kimanin lita 4,200 a sakan ɗaya ko an yi gargaɗin ambaliya rufe hanyar ake gaba ɗaya, kuma ni ina ganin duk wanda ya tarar da wuri a rufe ya zagaya ta bayan shinge bai kyauta wa masu ceton da za su bi shi ba.

A duba hasashen yanayi na duk yankin da ruwansa ke gangarowa ta wurin, ba na bakin shiga kaɗai ba, a kuma sake dubawa da safen tafiyar. In akwai maganar hadari ko tsawa a fasa. In kuma kuna ciki ruwan da yake garau ya fara canza kala ya yi jaja-jaja, ko kuka ga kirare da ganye suna tahowa, ko ruwan ya ɗan ƙaru, ko kuka ji rugugi daga sama, to kar a tsaya ɗaukar bidiyo, kar a tsaya tattara kaya, kar kuma a ce za a tsere masa ta gangare dan ya fi ku gudu. A hau sama nan take, ko mita biyu aka samu ta fi babu, a zauna har ya janye ko da kwana za a yi. Shi yasa yana da kyau kana tafiya kana lura da wuraren da za a iya hawa, kana ce wa na kusa da kai ga ɗaya nan mun wuce.

Yanzu ɓangaren lafiya. Hawan dutse da wahala ake farawa a ƙare da sauƙi, kwazazzabo kuwa akasin haka ne, ka sauka da safe da ƙarfinka kana jin daɗi, hawowar sai ta zo lokacin da ka gaji rana ta take ruwa ya ƙare. A Grand Canyon, babban kwazazzabon da ke Arizona, daga baki zuwa kogin da ke ƙasansa saukar kusan mita 1,500 ce, ƙasan yafi saman zafi da digiri 10 ko fiye, a tsakiyar lokacin zafi yana haura digiri 43 a inuwa. Hukumar gandun tana gargaɗin kar a je kogi a dawo a rana ɗaya, kar a yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma in ana zafi, kuma a lissafa cewa hawowa tana cin ninki biyu na lokacin sauka. Wato in awa 6 gare ku to bayan awa 2 a juyo.

Akwai matsala biyu da suke kama da juna amma maganinsu ya saɓa, kuma nan ake kuskure. Ta farko zafi ne, mutum ya yi ta zufa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, jijiyar ƙafa na ɗaurewa, fitsari kaɗan kuma ja. Wannan a kai shi inuwa, a jiƙa masa kaya, a bashi ruwa kaɗan-kaɗan da abin ci mai gishiri ko ORS, ya huta sosai. In ya fara sambatu ko tangaɗi, baya gane inda yake, jiki ya yi zafi rau, to bugun zafi ne, zafin jiki ya kai digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ce a haɗari, a sanyaya shi nan take tun kafin a yi maganar ɗaukarsa, in akwai ruwa kusa a tsoma jikinsa a riƙe kansa a sama, in babu a kwara masa ana fifita, kar a ɗura wa wanda baya cikin hayyacinsa komai a baki. Ta biyun kuwa ta wanda ya ji an ce a sha ruwa ne sai ya yi ta kwankwaɗa lita bayan lita bai ci komai ba, gishirin jininsa ya sauka. Shi ma ciwon kai, amai, ruɗewa, amma in ka tambaya zaka ji ya sha ruwa da yawa kuma yana ta fitsari fari. In ka ƙara masa ruwa ka ƙara masa ciwo, yana iya kaiwa ga jijjiga. A dakatar da ruwan, in yana iya haɗiya a bashi abu mai gishiri, a nemi agaji. A zafi rabin lita zuwa lita ɗaya a awa ya wadatar ga yawancin mutane, tare da ci.

Abin mamaki a rana guda ɗin nan sanyi ma yana kama mutum. Tsukin da rana bata shiga ruwansa ƙanƙara ne, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. In wani ya fara karkarwa, yatsu sun ƙi ɗaure igiyar takalmi, magana na sarƙewa, a fito da shi daga ruwa, a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da dutse, a bashi abu mai zaƙi. Kayan auduga in sun jiƙe basa bushewa da wuri, dan haka a ajiye busasshiyar riga mai kauri a leda a ƙulle.

Raunin da aka fi gani kuwa targaɗe ne da karayar idon sawu, galibi daga tsalle. Kar a yi tsalle cikin kududdufin da ba a auna zurfinsa ba ko da kun ga wasu sun yi a bidiyo, yashi da duwatsun ƙasansa suna canzawa. Takalmi ya zama rufaffe mai kama dutse, banda silifas, a riƙe sanda, inda duwatsu ke gangarowa a sa hular kwano. In mutum ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko ƙashin ne ke ciwo in an danna, a ɗauka karaya ce, a tallafe ta da sanda da bandeji yadda take, kar a ja. Ruwan wurin komai kyansa a tafasa shi minti ɗaya ko a tace kafin a sha, a Zion ma tun 2020 ake gargaɗi kan wata gansakuka mai guba a kogin wadda tacewa bata maganinta, can ruwanka zaka shigo da shi. Wanda ya yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin sati biyu zuwa uku bayan ya dawo ya faɗa wa likita cewa ya shiga ruwa. Masu ciwon zuciya, suga, asma ko hawan jini su ga likita kafin tafiya, magani kuma ya kasance a jikinsu ba a mota ba. A Fish River sai da takardar likita ake barin mutum ya shiga, ba a yarda da ƙasa da mutum uku ba, kuma daga Mayu zuwa tsakiyar Satumba kaɗai ake buɗewa.

Maganar mutum uku ɗin nan tana da dalili, in ɗaya ya ji rauni ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya fita neman taimako. A Afrilun 2003 Aron Ralston ya shiga Bluejohn a Utah shi kaɗai, dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya gangaro ya danne masa hannu, ya yi kwana biyar a wurin har sai da ya yanke hannun da kansa, ƙwararre ne fa, amma bai gaya wa kowa inda zai je ba shi yasa ba a san inda za a fara nema ba. Dan Allah kafin ku fita ku rubuta wa wani sunan kwazazzabon, ta inda za ku shiga da ta inda za ku fita, ku nawa ne, lambar mota, da ƙarfe nawa ne in bai ji daga gare ku ba zai kira masu ceto, ku bashi lambar da zai kira ɗin. A jaka a sa tocila ta goshi, usur, taswirar da aka sauke a waya tun a gida, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam ga mai hali. In kuma an riga an maƙale, a nemi wuri mai tudu sama da alamar ruwa a zauna tare, a shimfiɗa kaya mai kala inda za a hango daga sama, a rage cin batir, a busa usur sau uku a dakata a saurara, sannan a sake.